Ranar da Na Goya Kyamarar Oga

Akwai abubuwa da dama a rayuwata da yanzu sai an tuna mini nake tunawa, amma ranar da na hau dutse da kyamarar Oga ba ta cikinsu. Ina jin ko tsufa ya zo ya kwashe sauran, wannan zai bar mini ita. Sai dai gara in faɗa tun yanzu: shekaru sun ɗan ja, kuma rabin abin da ya faru ranar cikin tsoro na gan shi, shi kuwa tsoro yakan ƙara wa dutse tsawo. In wani wuri ya yi kamar na zuzuta, ko na sa na gaba a baya, ba da gangan ba ne. Abin da na tabbatar zan faɗe shi kai tsaye, wanda nake shakka kuma zan ce ina shakka.

A lokacin na gama jami'a, na dawo daga bautar ƙasa, ina zaman jiran aiki. Mahaifiyarmu, da muke kira Inna, tela ce, shagonta yana kan Titin Bauchi. Jikin shagon nata akwai shagon ɗaukar hoto na wani dattijo Ibo da duk layin ke kira Oga. Tun yana saurayi ya zo Jos, Hausa ta zauna a bakinsa har karin magana yake jefa wa mutane. Shi ya ɗauki hoton sunana, shi ya ɗauki na gama makarantata. Don kada zaman banza ya kashe ni, sai na riƙa zama wurinsa ina taya shi gyaran hotuna a kwamfuta. Kullum cikin yi mini dariya yake, don in na kulle shago sai na kai bakin titi in dawo in sake girgiza kwaɗon.

Matarsa, wadda shi da kansa yake kira Madam, ta rasu 'yan shekaru kafin nan, a Jos aka binne ta. Shi kuma ƙafafunsa suka fara ƙin ɗaukarsa, har ta kai daga mota zuwa kujerar shago sai an riƙe shi. 'Ya'yansa suka yanke shawarar ya koma garinsu ya huta, 'yarsa ɗaya ta ci gaba da riƙe shagon. Ana cikin ɗaure kaya, a makon da zai tafi, ya kira ni.

"Zauna, ɗana," ya ce. "Ka san dutsen nan na gabas, wanda rana ke fitowa ta bayansa in ka tsaya a ƙofar shago? Can samansa akwai wani falalen dutse, da ɗan ɓaure da ya tsiro a tsaga. Ni da Madam mun hau shi kafin mu yi aure. Daga nan ana ganin Jos gaba ɗaya. Na ɗauki hoto ranar, gobarar da ta ci tsohon shagona ta cinye shi." Ya shafa gwiwarsa. "Madam tana kwance a garin nan. Ba zan iya ɗaukar ta in tafi da ita ba. To ina so in tafi da garin."

Na ce, cikin in-ina, ai ƙanwata tana hawan duwatsu kusan kowace Asabar, sai ta ɗauko masa da wayarta.

"Waya!" ya ce, kamar na zage shi. "Hoton da zan faɗaɗa in rataye a falo in riƙa kallo har in mutu, ka ce mini waya?" Ya jawo babbar kyamararsa ya turo gabana. "Kai zan ba. Yaran nan masu rawar kai za su hau da gudu su dawo mini da tarkace. Kai kuwa tsoronka ya ishi kyamara biyu. Amma daga hannuna sai hannunka. Ban yarda wani ya riƙe ta ba."

'Yarsa tana tsaye a bakin ƙofa tana jin mu. Ba ta musa wa mahaifinta ba, amma da na zo fita ta tare ni, ta ce a hankali, "Malam, kyamarar nan ita ce shagon fa. Ranar Lahadi ina da aikin ɗaukar hoton biki." Ban buƙaci ƙarin bayani ba. Sauran kyamarorin shagon sun tsufa, da wannan ake cin abinci. Oga kuma ranar Litinin zai tafi. Ke nan Asabar kaɗai gare ni, in hau, in ɗauko, in dawo da ita lafiya kafin dare. Ni da ko tsani in na hau sai an riƙe mini shi da hannu biyu. Har yau ban san daga ina kalmar ta fito ba, amma na ce to.

Abin da na yi daga nan, duk wanda ya san ni ba zai yi mamaki ba. Na tafi kasuwar Katako wurin wani kafinta, na auna masa tsawo da faɗin kyamarar da hannu, na ce ya yi mini akwati na katako mai kauri, da murfi da sakata. Ya tambaye ni ko ba zai yi nauyi ba, na ce nauyin nake so. Na sayi soso irin na katifa na shimfiɗa a ciki ta kowane gefe, na kwantar da kyamarar, na rufe, na girgiza, ban ji motsi ba. Sai hankalina ya kwanta. A ganina na gama rabin aikin.

Mu uku muka tafi. Akwai ƙanwata, autarmu, wadda ke jami'a a lokacin, yarinyar da ba ta san tsoro ba kuma bakinta bai san hutu ba. Akwai kuma wani abokina da muka yi aji ɗaya, ɗan ƙauyen da ke gindin dutsen, wanda ya girma yana hawansa kuma yana da igiya mai kyau ta masu hawa. A nan dole in faɗi wani abu game da ni da ƙanwar tawa, don in ban faɗa ba sauran labarin ba zai zauna ba. Inna maza ta yi ta haifa kafin ita, ni ne babba. Da aka haife ta, in ɗinki ya yi yawa, musamman gab da Salla, babu 'ya mace a gida da za a ba raino, sai ni. Na goya yarinyar nan har bayana ya saba. Yaran layi suka sa mini suna Mai Goyo, suna bi na suna tafi. Na tsani sunan ƙwarai, kuma har na girma in ana hira a gida aka ɗauko zancen, tashi nake in bar wurin.

Damina ce, ta yi nisa. Mako guda ana ruwa, amma safiyar Asabar ta waye da rana mai ɗan sanyi irin tamu. Mahaifiyar abokina ta ba mu gwate, faten mutanen Jos, mai zafi, ta dubi akwatin da na ɗaura a baya da igiya, ta dubi ɗanta. Muka ratsa gonakin dankali da shingayen kerana, muka fara hawa.

"Yaya," in ji ƙanwata daga gaba, "wai lefen wa za mu kai saman dutse?"

"Ki kula da gabanki," na ce.

"Mutumina," in ji abokina, "ka tabbata kyamara ce a ciki? Ba janareto ba?"

Na ƙyale su. Amma gaskiya akwatin ya fara ba ni wahala tun ba mu yi nisa ba. Kusurwarsa tana sukar ƙashin bayana, kuma duk lokacin da na ɗaga ƙafa zan taka wani dutse, sai in ji yana ja na baya kamar wani ya riƙe mini riga. Na riƙa tafiya a duƙe, ina kama ciyawa, ina karanta duk addu'ar da na sani. Duk da haka ina gaya wa kaina cewa wahalar tawa ce, kyamara dai tana cikin aminci.

Haka muka yi ta tafiya har muka iso inda abokina ya ce daga nan hawan gaske ya fara. Wasu manyan duwatsu biyu ne suka tsaya kusa da juna, tsakaninsu tsaga mai tsawo da ta miƙe sama. Ba wata hanya sai ta ciki. Mutum zai shiga, ya manna bayansa da dutse ɗaya, ya tokare ɗayan da ƙafafu, ya riƙa tura kansa sama kaɗan kaɗan. In ya fito daga tsagar kuma akwai wani dutse mai gangare da sai an hau shi da rarrafe, ciki a manne. Ni a idona tsagar ta kai tsawon bene mai hawa biyu. Abokina ya ce ba ta kai ba, kuma wataƙila shi ke da gaskiya.

Ko gwadawa ba sai na yi ba, amma na gwada. Da akwati a bayana ko kafaɗata ba ta shiga ba.

Abokina ya ce abu mai sauƙi ne. Zai hau, ya sako igiya, mu ɗaure akwatin, ya ja shi ta wajen tsagar. Ƙanwata ta ce haka ake yi da jakunkuna kullum. Ni ma na ga kamar dabara ce, amma zuciyata ta ƙi. Na ce a fara gwadawa da dutse a ciki.

"Haba Yaya! Rana tana yi fa."

"A gwada," na ce.

Na ciro kyamarar na rungume, muka sa wani dutse mai kamar nauyinta a cikin soson, muka sa sakata. Abokina ya hau kamar ƙadangare, ya sako igiya, ya fara ja. Da farko akwatin ya tafi lafiya. Da ya kai tsakiya sai ya fara lilo, ya juya, ya bugi dutse. Ya sake juyawa, gefensa ya maƙale a wani ɗan baki da ya fito. Abokina daga sama ba ya gani, ya ƙara ƙarfi. Muka ji ƙas! Sakatar ta ɓalle, murfin ya buɗe, dutsen da ke ciki ya faɗo, ya daki ƙasa kusa da mu, ya gangara can ƙasa muna jin ƙararsa har ya ɓace.

Na zauna a ƙasa. Kyamarar tana ƙirjina, ina jin bugun zuciyata a jikinta.

Abokina ya sauko da abin da ya rage na akwatin. Ya ce ko in rataya kyamarar a wuya da madaurinta. Na rataya, na taka ɗan dutsen da ke bakin tsagar don in gani, nan take ta yi lilo ta nufi bango, da ƙyar na tare ta da tafin hannu. Ƙanwata ta ce in ba ta, ta cusa a jakarta, ita ta saba. Na ce na yi wa Oga alkawari daga hannunsa sai nawa, kuma ko ba alkawari, jakar ma a baya take, bayan nan kuwa shi za a manna wa dutse.

"To mu ɗauka daga nan mu koma," in ji abokina, ba da wasa ba wannan karon. "Dattijon ba zai gane ba. Dutse dutse ne."

Na leƙa. Daga inda muke ba a ganin komai sai daji da wani gefe kaɗan na gari. Babu ɓaure, babu falalen dutse. Na san Oga zai gane kafin ya gama sa tabarau. Na kuma san ko da bai gane ba, ni na sani. Zan iya komawa in ce masa na kasa, zai ce ba komai ɗana, ya shiga mota ranar Litinin hannu wofi. Wannan "ba komai" ɗin ne na ji ba zan iya ɗauka ba. Na ce musu ba na komawa. Yadda zan yi ne ban sani ba.

Muna zaune haka, ƙanwata ta buɗe jakarta za ta ɗauko ruwa, sai ta fara ciro zanen da take tafiya da shi don salla, ta ajiye a cinya. Na zuba wa zanen ido. Ina jin na daɗe ina kallonsa, don har ta ce, "Lafiya, Yaya?"

Na ce, "Ba ni zanen nan. Da gyalenki."

Na tuɓe suwaitata, na naɗe kyamarar a ciki, na zagaye gilashin da soson akwatin, na sa duka a leda saboda ruwa. Sai na duƙa, na ɗora ƙunshin a tsakiyar bayana, na yafa zanen, na jawo bakinsa na sama ta ƙarƙashin hammata na soke a ƙirji, na tattaro na ƙasa na ɗaure tam. Na kawo gyalen na yi majanyi da shi, na ƙulle. Ban yi tunanin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Hannuwana ne suka yi abinsu, kamar jiya na sauke goyon ƙarshe. Na miƙe, na yi ɗan tsalle. Ko motsi ba ta yi ba. Nauyin ma kamar ya ɓace, ya zama nawa.

Ƙanwata ta fashe da dariya har tana riƙe ciki. "Mai Goyo ya dawo! Wallahi sai na gaya wa Inna!"

Abokina bai yi dariya sosai ba, yana nazari. "Ya yi kyau," ya ce, "amma a cikin tsaga bayanka ne zai riƙe ka. Za ka murƙushe ta."

Na san amsar tun kafin ya rufe baki. Duk wanda ya zauna cikin mata ya ga yadda uwa ke yi in yaro ya yi kuka a baya: ba ta kwance goyo, sassautawa take kaɗan, ta ɗaga hannu, ta zamo da shi ta ƙarƙashin hammata ya dawo gaba. Ni ma haka nake yi da in zan ba ƙanwata koko. Na ɗaga hannu, na murzo ƙunshin, sai ga shi a ƙirjina. Na ƙara ɗaure majanyin.

Abokina ya hau, ya sako igiya na ɗaura a ƙugu, na yi bisimilla na shiga tsagar. Ba zan yi ƙarya in ce tsoro ya tafi ba. Dutsen yana da sanyi da danshi, akwai gansakuka a wasu wurare, kuma rigar da ta rage a jikina shara-shara ce, ina jin bayana yana gurzuwa. Akwai inda na tsaya cak, na kasa gaba na kasa baya, na rufe ido. Daga ƙasa na ji muryar ƙanwata, babu dariya a cikinta yanzu: "Yaya, ƙafar dama, ɗaga ta kaɗan, akwai wurin takawa. Yauwa. Tura." Na tura. Abin da na lura da shi, kuma har yau yana ba ni mamaki, shi ne hannuwana biyu duka a sake suke, kuma ban ƙara tunanin kyamarar a matsayin wani kaya dabam da zan tsare ba. In na tsare ƙirjina, na tsare ta.

Da na fito daga tsagar na kwanta ina haki, sannan na murza goyon ya koma baya, na hau gangaren da rarrafe, ciki a ƙasa. Ban dubi hagu ko dama ba sai da hannun abokina ya kama nawa.

Ga falalen dutsen, ga ɓauren. Sai dai ba ɗan ɓaure ba ne kuma, ya zama itace mai inuwa, saiwoyinsa sun buɗa tsagar. Amma garin babu shi. Gajimare ya sauko ya rufe komai, fari fat, ko gonakin da muka ratso ba a gani. Na ji kamar in yi kuka. Abokina ya dubi sama ya ce ruwa na zuwa, bai kamata mu daɗe ba. Na roƙe shi mu ɗan jira. Ni da ƙanwata muka yi azahar a kan dutsen, na kwance mata zanenta ta yi salla ta dawo mini da shi. Na zauna da kyamarar a cinya, na saita ta yadda Oga ya koya mini, na jira. Ban san tsawon lokacin ba. Ni na ga kamar wuni ne.

Sai iska ta taso daga bayanmu, ta fara yaye gajimaren kamar ana jan labule. Rufin kwano ya fara ƙyalli, tituna suka fito, hasumiyoyin masallatai da na coci-coci, da tsofaffin kududdufan haƙar kuza suna walƙiya a gefe. Jos gaba ɗaya, kamar yadda ya faɗa. Na kwanta rub da ciki, na kafa gwiwoyin hannu a dutse, na riƙe numfashi, na danna. Na matsa na sa reshen ɓauren a gefen hoton, na sake dannawa. Na yi ta ɗauka har gajimaren ya dawo ya rufe, ɗigon farko ya faɗo mini a wuya.

Saukowa ta fi hawa wuya, amma igiya ta taimaka, kuma na riga na san abin yi: goyo a baya a kan gangare, goyo a gaba a cikin tsaga. Muka wuce wurare masu haɗarin duka lafiya. Na kwance igiya daga ƙugu, na mayar da goyon baya, har na fara jin kaina wani jarumi. A nan ne abin ya faru, a wani ɗan gangare da ko yaro zai sauka da gudu. Ruwa ya jiƙa shi, na taka gansakuka, ƙafafuna biyu suka zame gaba. Duk wanda santsi ya taɓa ɗauka haka ya san da baya ake faɗuwa. Ni ban san yadda aka yi ba, jikina ya murɗe a iska, hannuna ɗaya ya koma baya ya tallafi goyon, na faɗi ta gaba. Hannu ɗaya bai isa ya tare ni ba, haɓata ta daki dutse.

Suka rugo. Jini yana zuba a rigata, bakina cike da ƙasa. Abin da suka tarar ina yi, kuma su biyun sun yi ittifaƙi a kan wannan, shi ne ina jijjiga bayana a hankali, ina bubbuga ƙunshin, ina cewa, "Sannu, sannu, yi shiru."

"Yaya," in ji ƙanwata, tana dariya hawaye na zubo mata, "kyamara kake rarrashi?"

Ban kwance goyon ba har unguwar Daɗin Kowa, inda gidan Oga yake. A cikin keke mai ƙafa uku na murzo shi gaba na rungume, haɓata a ɗaure da hankici. Mai keken ya yi ta leƙena ta madubi, daga ƙarshe ya kasa haƙuri ya ce, "Malam, asibiti za mu kai yaron ne?"

Mun isa kafin magariba. Falon cike da kwalaye da buhunan kaya, Oga yana zaune a kujera ɗaya da ba a ɗaure ba. Da ya gan ni da zanen mata a ƙirji da jini a riga, ya yi yunƙurin tashi ya kasa. "Ɗana! Me ya same ka?" Bai tambayi kyamara ba. Na durƙusa a gabansa, na kwance majanyi, na kwance zane, na warware suwaita, na sa masa ita a hannu. Ya miƙa wa 'yarsa. Ta juya ta, ta duba gilashin, ta kunna, ta ɗauki hoton bango, ta duba. Sai ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya ta ce, "Malam, Allah ya biya ka." Ko ƙwarzane babu.

Ta buɗe hotunan ta riƙe masa. Ya sa tabarau. Na fara ba da haƙuri, ina cewa wasu sun ɗan karkace, hasken ma bai... Ya ɗaga mini hannu na yi shiru. Ya daɗe a kan wanda reshen ɓauren ya shigo. "Ya girma," ya ce. Sai ya sa 'yarsa ta jawo hoton kusa, ta ƙara jawowa, ya bi wani titi da ɗan yatsa har ya kai wani fili mai itatuwa a gefen gari, maƙabartar da aka binne Madam. Ya ɗora yatsan a wurin, ya bar shi.

"Ga ta nan," ya ce.

Ranar Litinin ya tafi da hoton a cikin firam, a kan cinyarsa, ya ƙi yarda a sa shi cikin kaya.

A gida, Inna tana wanke mini haɓa da ruwan ɗumi, ƙanwata tana ba ta labari tana kwaikwayon yadda na faɗi. Inna ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ai ba yau ya fara ba. Haka ya faɗi da ke a bakin kwata kina jaririya. Gwiwarsa ta fashe, ke ko farkawa ba ki yi ba." Ni ban tuna da wannan ba sam. Tun daga ranar, in ta kira ni Mai Goyo, amsawa nake.

Abin da na koya, in har na fahimce shi daidai, shi ne wannan. Da ina ɗauka tsare amana shi ne a gina mata katanga, a sa sakata, a ajiye ta can inda ba abin da zai taɓa ta. Akwatina ya yi kauri, amma da na bi ta tasa, da tarkace na kai wa Oga. Abin da ya tsare kyamarar shi ne na ɗaura ta a jikina, yadda duk abin da zai same ta sai ya fara samuna. Tsorona ma bai tafi ba, har yau ina komawa in girgiza kwaɗo, kuma ban raina shi ba, don shi ya sa aka gwada da dutse. Amma na gane tsoro shi kaɗai akwati yake ƙerawa. Kai amana inda aka aike ka da ita kuwa sai ka yarda haɓarka ta fashe. Tabon yana nan, ina ganinsa kullum in zan yi aski.

Waɗanda muka yi tafiyar nan tare suna raye, haka 'yar Oga da har yanzu take riƙe da shagon. Ƙanwata ta riga ta ce zanen shuɗi ne, ni kuwa kore nake gani in na rufe ido, shi ya sa ban faɗi launinsa a sama ba. In ɗayanku ya karanta wannan ya ga inda na kauce, ko a tsawon tsagar, ko a wanda ya faɗi wace magana, don Allah ya aiko mini in gyara. Abu ɗaya ne kawai ba zan karɓi gyara a kansa ba, don ina durƙushe a gabansa na ga inda yatsan ya tsaya.